Ƙarfen da Baba Ya Buga

Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifina. A shekarun da suka wuce ban rubuta komai ba. Mama takan dafa abinci a kai masallaci, mu zauna mu yi masa addu'a, shi ke nan. Bana ma haka na so a yi, sai wata tambaya ta zo mana har gida. Wani tsohon Bature mai suna Terry, abokin Baba tun suna samari, yana neman izinin buga sunan Baba da hotonsa a jikin wani faifan waƙa da za a sake fitarwa. Mama ta ce maganar tana hannuna, tunda ni kaɗai suka haifa. Ni kuwa tun lokacin zafin da ya wuce ban ƙara shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa na London, ba, saboda wani abu da ya same ni a ciki, kuma abin ya haɗu da faifan nan. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da Hausa. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar da ta yi faifan ba. Na san mai son nema zai nemo, amma waɗanda nake tsoro ba sa karanta Hausa.

Duk wanda ya san Baba, a London ko a Kano, da Mai Ƙarfe ya san shi. Ya zo Ingila karatu yana saurayi, karatun bai yi nisa ba, ya kama ɗaki a Dagenham a gidan wata tsohuwa, mahaifiyar Terry ɗin nan. A lokacin garin na masana'antar mota ne, kusan kowane gida akwai mai fita aiki can. Wani abokinsa da suka zo tare ya je gida hutu, kakana ya tsare shi a zaure ya tambaye shi abin da yaron nan yake yi a ƙasar Turawa, tunda an ce ya bar makaranta. Abokin ba ya son ƙarya, ba ya kuma son tona asiri, sai ya ce, "Metal yake yi, Malam." Baffa Sani, wanda shi ne mai Turancin gidan a lokacin, ya fassara wa tsoho cewa ƙarfe ake nufi. Kakana ya ce ƙira dai ba sana'ar gidanmu ba ce, amma sana'a ce, akwai annabin da ya yi ta. Ya sa masa albarka. Daga ranar sunan ya kama shi.

Metal ɗin da abokin yake nufi kiɗa ne. Turawa suna ce masa heavy metal, wato ƙarfe mai nauyi. Ga wanda bai taɓa ji ba, jita ce ta lantarki ake ƙure ta har ta riƙa gurnani kamar injin niƙa, ga ganguna a jere mutum ɗaya yana bugunsu da hannu biyu da ƙafa biyu, ga mawaƙi yana ihu kamar an taka masa wuya. Terry ne mai ihun. Mai jitar sunansa Mick, ya rasu tun kafin Baba. Akwai na huɗunsu wanda ya koma Spain. Mai gangunan kuwa mahaifina ne.

Ku da kuka san gidajen malamai a cikin gari ba sai na yi muku bayani ba. A gidan kakana, makaɗi maroƙi ne, ana iya jefa masa kuɗi ranar suna amma ba a ba shi 'ya. Baba ya ce tun yana ƙarami yakan sulale ya bi masu kalangu wajen mahauta, kuma duk ranar da aka kama shi sai ya kwana a kan cikinsa saboda bulala. Don haka da labari ya iso masa cewa a gida an ce maƙeri ne, har an sa masa albarka, bai gyara ba. Ya bar shi a haka har ya koma ga Allah.

Na ga wahalar da wannan suna ya ba shi da idona. A Kano na yi sakandare, a wajen gwaggona, kuma duk zuwan da Baba zai yi sai an jero masa kayan gyara. Wata shekara Baffa Sani ya sa aka jawo janareto har tsakar gida.

"Mai Ƙarfe, duba mana wannan, masu gyaran garin nan sun cinye ni."

Baba, mutumin da ko ƙwan lantarki ya mutu a gidanmu Mama ce ke canjawa, ya zagaya janareton yana taɓa gemu. Ya ƙwanƙwasa tankin da yatsa, ya kasa kunne.

"Yaya, ai ni ƙarfe mai nauyi na iya. Wannan ƙananan kayan ba layina ba ne."

Baffa ya gyaɗa kai cike da girmamawa, ya ce wa mutanen da ke wurin, "Kun ji ko, su manyan injuna suke yi." A lokacin ban san dalilin da ya sa Baba ya shige ɗaki da sauri yana tari ba.

Sai da na gama makaranta na dawo Barking, unguwarmu a London, sannan na sani. Lokacin ya daɗe yana tuƙa bas, gashinsa ya yi fari, kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi, ƙafafunsa ba sa zama. Ko abinci yake ci, ƙarƙashin tebur suna aiki. Ranar ya kai ni neman aiki a wata nursery, wajen renon yara, muka maƙale a cunkoso, ƙafar hagu tana ta buga ƙasan motar. Na ce, "Baba, don Allah ƙafar nan." Ya dube ni, ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "kina son jin abin da take bugawa?" Ya laluba wayarsa, ya haɗa da rediyon motar, ya rufe gilasai.

Wallahi da farko toshe kunne na yi. Na ɗauka rediyon ne ya lalace. Shi kuwa ya kama hannuna ya sauke, ya ce in bar jitar, in bar ihun, in bi abin da ke ƙasa. Da na bi sai na ji. Bugun da na tashi ina ji a ƙarƙashin teburin gidanmu ne, shi ɗin dai, babu ragi. Na juya na kalle shi, hularsa a kai, carbi a rataye a madubi, yana kallon titi kamar yaron da ya fasa kwano.

Faifai ɗaya ne tak ya yi da su, kusan shekara arba'in ke nan. Lokacin da ya fito ba wanda ya damu da shi. A ƙananan mashaya suke wasa, gaban mutanen da ba su cika ɗaki ba, kuma zamanin ba na ɗaukar hoto da waya ba ne. Da aka fara maganar yawo ƙasa-ƙasa da hotuna a mujallu, sai Baba ya ajiye sanduna ya ce shi ya gama. Suka ɗauki wani makaɗin, Bature, suka yi wasu faya-fayan da ba su kai wannan ba, suka watse. Daga baya ne, a hankali, samari suka riƙa tono na farkon suna cewa ba a taɓa yin irinsa ba. Yau in ka shiga intanet za ka tarar da mutane daga ƙasashen da Baba bai taɓa takawa ba suna gardama a kansa.

Ni ba masaniyar kiɗan ba ce, amma na saurare shi har na haddace. Mutane suna ganin bangon faifan suna ɗauka waƙoƙin Shaiɗan ne. Ba haka ba ne. Terry yana waƙa ne a kan mahaifinsa da injin ya cinye wa yatsu, a kan ranar da aka sallami rabin unguwa daga aiki, a kan kogi da warinsa, a kan saurayin da ya tashi da safe ba shi da inda za shi. Fushi ne na 'ya'yan leburori. Akwai waƙa ta uku, inda komai ke tsayawa a bar ganga ita kaɗai, sai ka ji muryarta tana hawa tana sauka kamar mai magana. Har yau masu gardamar intanet ba su gane yadda aka yi ba, wasu na cewa na'ura ce. Baba ya ce gwiwar hannu ya danna a kan fatar yana sassautawa, yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata. Abin da aka yi masa bulala a kai, shi ne abin da suke kira gwaninta.

A bayan faifan akwai hoton su huɗu. Uku sun fuskanci kyamara, na huɗu ya juya baya, ya ja hular rigarsa, hannayensa a aljihu. A ƙasa an rubuta cewa mai ganguna Smith ne. Shi ya zaɓi sunan. Ya ce babu sunan da ya fi shi yawa a Ingila, kuma ma'anarsa maƙeri. Ya ce, "Kin ga ban yi wa kowa ƙarya ba. Kano sun ce maƙeri, na ce to. Nan ma na ce musu maƙeri." Ya yi dariya, ni ma na yi. Yanzu in na tuna ba ta ba ni dariya. Mutum ya yi abu ɗaya a rayuwarsa da ya fi kowa iyawa, ya ɓoye wa danginsa cewa ya yi, ya ɓoye wa masu sonsa cewa shi ne.

Sai sunan faifan. A farkon waƙa ta ƙarshe, kafin kiɗa ya ɓarke, ana jin wata murya daga nesa ta daka tsawa. Kalmar da ta faɗa ita aka sa wa waƙar, ita aka sa wa faifan, ita ce a rubuce da manyan haruffa a saman wani dodo mai ƙaho: AHANKALI. Masu son faifan sun yi imani sunan wani tsohon sarkin aljanu ne. Na karanta wani da ya rantse ya gano asalinsa a wani yare da ya mutu.

Ku da kuke karanta wannan kun riga kun gane. Mick ne yake da gaggawa, kullum sai ya tsere wa ganga. Sun maimaita waƙar har Baba ya gaji, Turancinsa ya ƙare, ya ɗaga sanda ya ce masa, "A hankali!" Na'ura tana ɗauka. Mai haɗa faifan ya ce kar a goge, wannan ihun ya fi komai ban tsoro, ya tambayi ma'anarsa. Baba yana cikin fushi bai amsa ba. Mick ya ce sunan aljani ne, aka yi dariya, aka kira mai zane. Baba ya gaya mini cewa a duk abin da ya yi a shekarun nan, kiɗan bai taɓa hana shi barci ba, wannan ya bar wa Allah da malamai. Dodon nan ne yake yi wa istigfari. Kalmar da uwarsa ke faɗa masa in zai tsallaka titi, ya bari aka yi mata ƙaho.

Ya rasu da safe, a falo, yana ɗaura takalmin aiki. Zuciya ce. A maƙabarta, bayan sahun mutanenmu, tsofaffin Turawa biyu, Terry da na Spain ɗin, suka tsaya can nesa, gashi fari har kafaɗa, baƙaƙen riguna na fata, sun haɗa hannu a gaba ba su san abin da za su yi da kansu ba. Ni ban je ba, mata ba mu je ba, amma da maza suka dawo gida wani dattijo ya tambayi Mama ta bayan labule ko su wane ne. Mama ta ce abokan aikinsa ne na ƙarfe. Dattijon ya ce, "Allah sarki, maƙera. Ka gan su kuwa, wuta ta dafa su." Ina zaune kusa da Mama, na ji jikinta yana rawa. Har yau ban sani ba ko kuka take ko dariya.

Bayan rasuwarsa faifan ya zama wurin da nake zuwa in same shi. Hotunansa ba sa motsi, saƙonnin muryarsa gajeru ne, duk na "ki sayo burodi" ne. Amma a faifan yana da rai, yana da ƙarfi, shekarunsa ba su wuce nawa na yanzu da yawa ba. Nakan sa abin kunne a ƙarƙashin hijabi in hau jirgin District line zuwa aiki, mutane suna ganin wata shiru-shiru a kusurwa, ba su san gangunan da ke fashewa a kaina ba.

To, ranar da abin ya faru Asabar ce da la'asar, na taso daga wajen wata ƙawata. Wasu maza suka shigo a wata tasha, da tutoci a kafaɗa, daga wani gangamin masu ƙin baƙi suke, suna warin giya. Na sunkuyar da kai kamar yadda kowace mai hijabi a garin nan ta iya. Ɗaya daga cikinsu, babba ne, ya kai hamsin, ya zo ya tsaya a kaina ya riƙe ƙarfen sama. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Ya ce in koma inda na fito, ya faɗi abin da ya kamata a yi wa irina, ya faɗi wasu abubuwan a kan addinina. Da ban ɗago ba sai ya kama gefen hijabina ya ja, har allurar ta karce ni a wuya. Abokansa suna dariya. Jirgin cike yake. Wata mata ta kalli wayarta, wani ya kalli taswirar da ke sama kamar bai taɓa ganinta ba.

Da ya ja, dole kaina ya ɗago. Jaket ɗinsa a buɗe take, fuskata daidai ƙirjinsa. Dodon ne, da ƙahonsa, ya koɗe saboda wanki, rigar da aka daɗe ana so. A sama an rubuta AHANKALI.

Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani, ina ta karanta kalmar, ina sake karantawa, muryar Baba tana cikin kunnena don faifan bai tsaya ba. Mutumin yana zagina da baki, ƙirjinsa yana yi mini magana da Hausa. Da ƙofa ta buɗe na fita a tashar da ba tawa ba, na zauna a benci. Wani ma'aikacin tasha ya kawo mini ruwa. An yi report, an ce za a duba kyamara, an ba ni lamba. Shi ke nan.

Tun ranar bas nake hawa, biyu zuwa aiki biyu dawowa, kusa da direba nake tsayawa. In na ga taron maza a gaba sai in tsallaka titi. In an buga ƙofa da ƙarfi sai hannuna ya tafi wuyana. Faifan kuwa ban ƙara kunnawa ba. Na gwada sau ɗaya, da tsawar nan ta zo sai na ji warin giya. Mutumin nan bai san ni ba, ya manta da ni kafin ya kai gida, amma ya ƙwace mini wurin da nake ganin mahaifina.

Ina yawan tambayar kaina abin da Baba zai ce. Ya san irin mutanen nan, ba yau suka fara ba. Ya ba ni labarin lokacin da shi kaɗai ne baƙi a layinsu, yadda ake rubutu a ƙofar tsohuwar da ta ba shi ɗaki, ita kuma ta fito da bokiti da burushi tana zagin unguwa gaba ɗaya. Ya ce Mick, duk gaggawarsa, bai taɓa barinsa ya taka gida shi kaɗai ba. Amma kullum yakan ƙare da cewa, "Wannan zamanin ya wuce, Uwata. Ku kun huta." In muka bi ta Dagenham ya ga shagunan doya da manja, ya ji ana Yarbanci da Hausa a tashar bas, sai ya riƙa murmushi kamar shi ya gina garin. Da ya ga tutocin da masu ƙin baƙi suka ɗaura a kan fitilun titi bana, da ya ga 'yarsa tana zagaye tasha kamar wadda ake bi bashi, ban san inda zai sa wannan murmushin ba. Wani lokaci ina cewa gara da bai gani ba. Sai in yi istigfari.

Kuma me zai ce da rigar? Wataƙila dariya zai yi, irin wadda ya yi a kan janareto, ya ce ka ga wawa yana yawo da nasiha a ƙirji bai sani ba. Wataƙila kuma ya gane cewa bayan da ya juya wa kyamara shi ya ba mutumin damar ɗaukar kiɗan a matsayin nasu su kaɗai. Ban sani ba. Shekara biyu kacal na yi da sanin wannan ɓangaren nasa kafin ya tafi, ban gama tambayarsa ba.

Terry ya zo gidanmu watan jiya. Ya tsufa ƙwarai, yana tafiya da sanda, muryar da ta yi ihun nan yanzu sai ka matso kake ji. Ya cire takalmi tun daga ƙofa ba a ce masa ba. Mama ta ba shi shayi da cincin. Ya ce kamfani zai sake fitar da faifan don cikarsa shekara arba'in, da ɗan littafi a ciki, kuma yana da hoto ɗaya da aka ɗauka ranar, bayan an gama na bangon, inda Baba ya juyo yana dariya. Yana so a sa shi, a sa sunansa na gaskiya, a faɗi inda ya fito, a faɗi ma'anar kalmar. Ya ce na Spain ɗin ya fara mantuwa, shi kuma likita ya gaya masa abin da ya gaya masa. In ya tafi, babu sauran wanda yake ɗakin ranar da aka ɗauki faifan.

Na ba shi labarin jirgin. Ya ajiye kofinsa. Sannan ya ce shi ya sa ma ya kamata a sa, su ga fuskar wanda suke sawa a ƙirji. Ya ce yawancin masu son faifan ba haka suke ba, irin wancan ba su da yawa.

Na ce masa ɗaya ya ishe ni. Na ce sunan Baba shi ne sunana na biyu, yana jikin ƙofar flat ɗinmu, yana jikin allon ma'aikata a nursery inda nake riƙe 'ya'yan mutane. Wanda ya ji haushin an ɓata masa dodonsa, minti nawa zai ɗauka ya nemo mu?

Bai yi gardama ba. Ya ce, "Ki yi tunani, love. Ba na son in tura ki."

Da ya tafi na ɗauka Mama za ta sauƙaƙa mini, ta ce a'a saboda dangi. Tana wanke kofuna ta ce, ba ta juyo ba, "Ni dai na gaji da maƙeran nan, Ummi. Shekara talatin ina auren mutum ina taya shi ɓoyo. Baffanku ya ji, duk Kano su ji, me za su yi masa yanzu, su tono shi su yi masa bulala?" Ta ajiye kofin. "Amma ni ba na hawa jirgi. Ke ce mai fita. Abin da kika iya ɗauka shi za a yi."

Na yi makonni ina juya maganar. Na so in zama irin 'yar da za ta ce a buga, a buga da manyan haruffa. Har na shirya yadda zan faɗa. Na ɗauki waya, Terry ya ɗaga, na ji numfashinsa, sai hannuna ya tafi wuyana. Na ce masa ya faɗi ma'anar kalmar, ya ce Hausa ce, ya cire mata ƙahon nan. Amma suna da hoto, a'a. Ba yanzu ba. Ya ce ya gane. Mu duka mun san cewa shi ba shi da wani lokacin da ya wuce yanzu.

Don haka faifan zai fito, mutum na huɗu zai ci gaba da juya baya, Turawa za su ci gaba da kiransa Smith. Baba ya ɓoye don kunyar mahaifinsa, ni na ɓoye shi don tsoron wani da ban san sunansa ba. Ba na jin daɗin wannan, kuma ba zan yi kamar dabara ce ba. Tsoro ne kawai.

Me ya rage na mutum bayan shekara biyar? Kayan aikinsa mun bayar. Bas ɗinsa wani ke tuƙawa. Waɗanda suka san fuskarsa ba su san aikinsa ba, waɗanda suka san aikinsa ba za su ga fuskarsa ba. Rabi ɗaya na kasa gyarawa. Ɗaya rabin kuwa yana hannuna, kuma ku ba tsoronku nake ji ba, kunyarku ce, ita kuma na ga zan iya ɗauka. Baffa, in an karanta maka wannan, ka yi haƙuri, ƙaninka bai taɓa riƙe guduma ba. Dattawan da suka yi masa salla, ku yafe wa Mama amsar da ta ba ku. Ban taɓa kiran sunan mahaifina da bakina ba, ba tarbiyyar da aka yi mini ba ce, amma sau ɗaya dai ya kamata a ajiye sunan kusa da sana'arsa, ko da a yaren da mu kaɗai za mu karanta.

Duk wanda ya kai nan, ina roƙonsa Fatiha ɗaya. Allah Ya jiƙan Salisu makaɗi, Ya yafe masa, Ya sa ya huta.